Fita yawon hamada da yamma: abin da jama'a suka ce

Na bi bayanan da jama'a suka yi a kan abin da ya kamata mai fita yawon hamada a mota da yamma ya sani, daga farko har ƙarshe, ga abin da na tattaro.

1. Kusan baki ya zo ɗaya cewa kada a cika ciki kafin a tashi. Motar takan haye tudun rairayi ta gangaro a karkace, shi ya sa direba ke rage iskar taya tun a bakin hamada don kada ta kafe. Mai saurin jiri ya nemi kujerar gaba, kowa kuma ya ɗaura bel.

2. Mai juna biyu da mai ciwon baya ko na zuciya su haƙura da hawan tudun, a wuce da su kai tsaye zuwa sansanin da ake yada zango a hamadar. Nan babu wanda ya musa.

3. A riƙo rigar sanyi, musamman lokacin hunturu. Rana na faɗuwa rairayi ke sakin zafinsa.

4. Ruwan sha, tabarau, da jaka mai zif saboda waya.

An rabu a kan hawan raƙumi. Wasu sun ce in babu shi tafiyar ba ta cika ba, wasu sun ce zagayen 'yan mintuna ne kawai. Ni dai ina tare da masu cewa a fara duban dabbar tukuna. In ta rame ko akwai miki a ƙarƙashin sirdi, kada a hau.

Batun shiga motar haɗaka ko ɗaukar shata ma ba a daidaita ba, sai dai masu ƙananan yara sun fi son shata, don su iya ce wa direba ya sassauta.