Ma'aikatana sun yi sanyi da aiki, ina neman shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ni ce shugabar wani ƙaramin asibiti na matakin farko a karkara. Kwanan nan ma'aikatana sun yi sanyi, ana zuwa a makare, kuma har ta kai ana daka wa masu awon ciki tsawa. Albashi ba a hannuna yake ba, kuma ba na son kai ƙarar kowa sakatariya. Ta yaya zan farfaɗo musu da gwiwa?

Wata ungozoma mai ritaya: Wa alaikumus salam, 'yata. Kafin ki zargi halinsu, ki duba jadawalin aikin dare, domin babu abin da ke kashe zuciyar ma'aikaci kamar ya ga kullum shi ne a bakin aiki ranar Sallah, wata kuma ba ta taɓa kwana ba saboda tana da uwa a gindin murhu. Ki kafe jadawalin a bango, ki sa sunanki a ciki. Sannan ungozomar da ke karɓar haihuwa da fitilar waya a baki, babu safar hannu, babu ruwa a famfo, ba wa'azin haƙuri take bukata ba.

Wani jami'in lafiya: Hajiya ta faɗi gaskiya. A shirin NSHIP, wato shirin inganta kiwon lafiya a jihohi, da Bankin Duniya ya tallafa a Adamawa, Nasarawa da Ondo, an ba wasu asibitoci kuɗi gwargwadon aikinsu har da alawus ga ma'aikata, wasu kuma an ba su kuɗin gudanarwa kawai, amma da aka auna sakamako tazarar ba ta yi yawa ba. A fahimtata, ikon sayen magani da gyara kayan aiki a kan lokaci shi ya fi tasiri. Idan asibitinku yana cikin masu karɓar kuɗin BHCPF, wato asusun gwamnati na tallafa wa kiwon lafiya a matakin farko, wanda Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa, ki zauna da ma'aikata da kwamitin mazaɓa ku tsara kashe shi tare, kowa ya ga lissafi.

Wata ma'aikaciyar jinya: Ranki ya daɗe, ki riƙa yin gyara a ofis, ba a gaban marasa lafiya ba. Idan takardar bita ta zo kuma, a riƙa juyawa, kada ta zama ta mutum ɗaya.

Mai tambaya: Na gode, Allah Ya saka da alheri. Da jadawalin zan fara, zan kira zama ranar Litinin bayan an tashi daga rigakafi.