Yabon masu sana'a a intanet: wa ya gwada ya gani?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman wanda zai haɗa min sola a gida, amma duk shafin da na buɗe yabo ne zalla, babu mai kuka ko ɗaya. Don Allah wanda ya taɓa ba da aiki saboda abin da ya karanta, ya faɗa mana yadda ta kaya.

Uwargida daga Hotoro: Wa alaikumus salam. Ni da wata tela abin ya haɗa ni. Shafinta na Instagram cike yake da "Masha Allah Hajiya, ɗinki ya yi", har da hotunan hirarta da kwastomomi a WhatsApp. Tun farkon azumi na kai atamfa da leshi, ban karɓa ba sai bayan Sallah, ga riga ta matse ni a hammata. Na rubuta ƙorafina a ƙasan hotonta, kafin magariba ta goge, ta toshe ni. Wallahi wannan ya fi min ciwo kan kuɗin ɗinkin.

Mai gyaran waya, Farm Centre: Hajiya, Allah ya huci zuciyarki. A Google Maps kam mai shago ba ya iya gogewa da kansa, sai dai ya mayar da amsa ko ya kai ƙara wajen Google. Matsalar can, duk mai asusun Google zai iya danna tauraro 5 ko bai taɓa taka ƙofar shagon ba. Akwai masu sa ƙannensu da yaran shago su danna musu. Mu ma abin yana shafarmu, ni kaina an taɓa ba ni tauraro 1 babu ko kalma, ban san mutumin ba.

Malama daga Rijiyar Zaki: Ku haɗa da kunyarmu ta Kanawa. Wanda aka ɓata wa aiki yakan ce ya bar wa Allah, tunda mai sana'ar ƙila ɗan unguwa ne ko surukin maƙwabci, rubuta laifinsa a bainar jama'a kuwa tonon asiri ne. Shi ya sa masu yabo kaɗai ake ji. Ni dai na dace da mai girkin bikin ƙanwata. Wata ce ta rubuta cewa mai girkin ta makara da kawo abinci, amma ya ishi kowa kuma bai lalace ba, ita kuma mai girkin ta ba da haƙuri a fili. Wannan ne ya sa na kira ta, ba ɗaruruwan "Masha Allah" ba.

Wani dattijo daga Kabuga: Ɗana, sola ba a yabonta ranar da aka haɗa. Sai batir ya sha zafin Afrilu da Mayu ake sanin gaskiyar mai aikin. Ka ce ya kai ka gidan da ya yi wa aiki bara, ka keɓe da maigidan ka tambaye shi ko mai aikin yana ɗaga waya idan inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir ta zama irin ta gida, ta yi gardama. Ka kuma karɓi rasit mai ɗauke da sunan batir da garantinsa, don shi za ka nuna idan magana ta kai gaban hukumar kare haƙƙin masu saye.

Ɗan Fagge: Na gode Baba. Mutum biyu na tura wa wannan buƙata yanzu, ɗaya ya ce in zo Asabar mu je Sharaɗa, ɗayan ya karanta bai amsa ba.