Daga wace shekara ake ƙirga tarihin Lise Ɗan Baskore?

Mushen tarihi (malamin tarihi): Salamu alaikum jama'a. Masu shirin rubuta tarihin Lise Ɗan Baskore, makarantar sakandare ta Maraɗi, maganar ɗaya ce: ranar da hukuma ta sa hannu kan takardar kafa makaranta, ita ce ranar haihuwarta. A nemo lambar takardar a jaridar dokokin gwamnati can Yamai, shi ke nan.

Tsohon sansar (mataimakin shugaban lise): Wa alaikumus salam. Mushe, ban yarda ba. Takarda kan fito gini bai ƙare ba, malamai ba su iso ba. Rajistar shiga ita ce shaida: lamba ta 1, sunan yaro, ranar da aka rubuta shi. A kuma lura, shekarar karatu tana somawa a Oktoba, ta hau shekara biyu. Nan ne mutum biyu kan saɓa da shekara guda alhali kowa na da gaskiya.

Hajiya malamar lissafi: Baba sansar, rajistar da ta daɗe a ƙasan kabad, shafukan farko gara da laima ke fara ci. In sun tafi, sai a yi lissafi ta baya daga BAC (jarabawar gama lise) na farko. Makarantar da ta buɗe da ajin segond (ajin farko na lise), shekarar karatu 3 ce zuwa tarminal, ajin ƙarshe. In da ajin siziyam (ajin farko na kwaleji) ta fara, 7 ce, 4 zuwa BEPC (jarabawar gama kwaleji) sannan 3. Kada a dogara da ɗalibi ɗaya, don wanda ya maimaita aji zai karkatar da lissafin. A haɗa takardun mutum huɗu ko biyar.

Mushen tarihi: Hajiya, jarabawa sakamako ce, ba asali ba. Ina nan kan takarda.

Alhaji magini: Ku yi haƙuri in sa baki. Akwai masu cewa ginin ya girmi garin tudu. Ambaliyar gulbi ta 1945 ce ta sa aka taso Maraɗi daga fadama, aka shata sabon gari a kan tudu, to ba a nema masa shekara kafin nan. Suna ma ba ya nuna shekaru: Ɗan Baskore sarkin Katsinar Maraɗi ne na ƙarni na 19, girmamawa ce aka yi masa.

Tsohon sansar: Alhaji ya taɓo inda takardar Mushe ke da rauni. Makaranta na sake suna. Lise Isa Korombe ta Yamai da Lise Nasiyonal ake kiranta. Wanda ya nemi sunan yau kaɗai, takardar sauya suna zai iya tsinta ya ɗauka ta kafuwa ce.

Hajiya malamar lissafi: Kuma in za a tambayi dattawa, a fara da sashen da suka yi. A, C ko D karatun gama-gari ne. Wanda ya ce E, F ko G, labarin Lise Teknik Ɗan Kasawa yake ba ku, kada a cakuɗa.

Mushen tarihi: Wannan na karɓa. Amma ranar buki dai ta takarda za a sa. Baba sansar, wa ke riƙe da makullin ɗakin ajiyar rajista yanzu, frobiza (shugaban lise) ko sakatare?