Neman shawara: pytest ya ƙi ganin gwaje-gwajen da na rubuta

Mai tambaya, daga Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina rubuta wata ƙaramar manhaja da harshen Python domin lissafin buhunan hatsin da ke shiga da fita a shagon kawuna a nan Katsina, kuma tun shekaranjiya nake fama da matsala ɗaya. Na rubuta gwaje-gwaje 12 domin in tabbatar lissafin yana tafiya daidai, amma duk lokacin da na buga pytest, wato manhajar da ke nemo gwaje-gwajen Python ta gudanar da su, sai ya ce "collected 0 items", ya rufe da "no tests ran". Gwaje-gwajen suna cikin fayil mai suna gwajin_hatsi.py, takwas daga ciki fankshin ne masu sunaye irin su gwada_jimla da gwada_ragi, sauran huɗun kuma na zuba su a aji (class, wato rukunin da ke tattara fankshin wuri guda) mai suna TestBashi. Na goge pytest na sake sauke shi har sau biyu, ban ga canji ba. Kawu zai fara amfani da manhajar idan kaka ta shigo, kuma ba na so in miƙa masa abin da ban gwada ba. Don Allah a taimaka mini.

Wani malami daga Daura:
Wa alaikumus salam. Ɗana, pytest ɗinka lafiyarsa ƙalau, ka daina ƙona data wajen sake sauke shi. Shi da suna yake gane gwaji, ba ya buɗe kowane fayil ya karanta nufinka. A bisa al'adarsa yana neman fayilolin da sunansu ya fara da test_ ko ya ƙare da _test.py, sannan a cikinsu ya ɗauki fankshin da suka fara da test, da azuzuwan da suka fara da Test. Da ya zo kan gwajin_hatsi.py wucewa ya yi, kamar ɗan aiken da aka ba shi sunan gida, ya isa ƙofa ya ji wani suna daban. Shi ya sa ba ka ga jan rubutu ba, domin a wurinsa ba a yi kuskure ba, gwajin ne babu. Idan ka duba lambar da yake fita da ita za ka ga 5, wadda ma'anarta ke nan: ba a tattaro gwaji ko ɗaya ba. Ka mayar da fayil ɗin test_hatsi.py, kowane gwada_ kuma ya koma test_, har da waɗanda ke cikin ajin.

Wata mai rubuta manhaja daga Ƙofar Marusa:
Abin da Malam ya faɗa haka yake, sai dai ina so in ƙara cewa ba dole ba ne ka rabu da sunayenka na Hausa. Idan ka ajiye fayil mai suna pytest.ini a babbar foldar aikin, ka buɗe shi da layin [pytest], sannan ka rubuta python_files = gwajin_*.py da python_functions = gwada_*, zai bi tsarinka. Duk da haka ni da kaina ina barin test_ a gaba in ƙarasa sunan da Hausa, kamar test_jimlar_buhuna, saboda duk wanda ya karɓi aikin bayana zai gane ba tare da ya tambaye ni ba.

Mai tambaya:
Na gode Malam, na gode Yaya. Na canza sunayen, yanzu ya ga takwas. Huɗun da ke cikin TestBashi har yanzu ba su fito ba, kuma akwai wani gargaɗi a ƙasa da ya ambaci __init__.

Malamin Daura:
Gargaɗin ya riga ya ba ka amsa. Duk ajin gwajin da ke da __init__, wato fankshin da ake kira lokacin ƙirƙirar sabon abu daga aji, pytest ba ya ɗaukarsa, domin shi ne yake ƙirƙirar sabon abu daga ajin da kansa ga kowane gwaji. Ka cire __init__ ɗin, abin da kake shiryawa a cikinsa ka mayar da shi setup_method, wanda ake kira kafin kowane gwaji. Daga nan ka buga pytest --collect-only, zai jero maka abin da ya gani ba tare da ya gudanar da komai ba, sai ka ƙirga da idonka ko sun cika 12.

Mai rubuta manhaja daga Ƙofar Marusa:
Ƙanena, wata ƙila nan gaba idan ka raba gwaje-gwajen zuwa foldarsu ka ci karo da ModuleNotFoundError. Wannan matsala ce ta daban: ya ga gwajin, manhajar da ake gwadawa ce ya kasa shigowa da ita. Ka tsaya a babbar foldar aikin ka buga python -m pytest, domin hakan yana sanya foldar da kake ciki a hanyar da Python ke bincika. Tun sigar 7.0 ta shekarar 2022 kuma ana iya rubuta pythonpath = . a cikin pytest.ini.

Mai tambaya:
Alhamdu lillahi, duka 12 sun fito. Goma sha ɗaya sun wuce, ɗaya ya faɗi, kuma da na duba sai na ga gaskiyarsa: idan mai saye ya ɗauki rabin buhu bashi, manhajar tana rubuta masa kuɗin cikakken buhu. Shi nake gyarawa yanzu. Allah ya saka da alheri.