Agogon fitilar akwatin kifin teku: wanne ne ke jure ɗauke wuta?

Baban Hauwa, Garwa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wata huɗu ke nan da na haɗa akwatin ruwan gishiri mai lita 200, da kifi biyu da murjani mai laushi guda uku da aka kawo mini daga Duwala. Na sayi agogon nan mai kunna fitila da kashe ta, mai juyawa mai haƙora, na saita fitila ta mutu ƙarfe 9 na dare. Yau na dawo daga sallar asuba na tarar tana ci. Ga gansakuka ta fara rufe gilashi. Agogon ne ya lalace ko ni ne ban iya ba?

Malam Buba mai wayarin, Marwa: Wa alaikumus salam Alhaji. Lafiyarsa lau. Ɗan inji ne a cikinsa, wutar soket ke juya shi. Da an ɗauke wuta ya tsaya cik, in an dawo da ita ya ci gaba daga inda ya tsaya. An ɗauke awa uku yau, awa biyu gobe, to ya makara da awa biyar ke nan, kuma ba zai gyara kansa ba. In kana tada janareta ma akwai wata matsalar, don shi da bugun wuta 50 a daƙiƙa yake lissafin lokaci, ƙaramin janareta kuwa ba ya riƙe wannan daidai, sai agogon ya yi ta gaggawa ko nawa. Ka nemi mai lambobi a fuska, wanda ke da ɗan batir a ciki. Batirin ba ya kunna fitila, lokaci kawai yake riƙewa. Ran da ka sayo, ka bar shi a soket ya sha caji kafin ka saita.

Baban Hauwa, Garwa: Allah ya saka da alheri Malam. Wallahi har na ɗauka jabu aka sayar mini.

Idi, Kuseri: Ni soket mai haɗuwa da wayar hannu nake amfani da shi, ko ina Injamena sai in kunna in kashe. Yana da daɗi.

Malam Buba mai wayarin, Marwa: Idi, ka gwada shi tukuna. Ka kashe intanet ɗin gidan, ka zare shi ka mayar. Da yawansu daga intanet suke samun lokaci, in wuta ta dawo babu sabis sai su zauna ba su san ƙarfe nawa ba. In naka ya ci wannan gwajin, ka faɗa mana irinsa.

Hajiya Maman Amira, Ngawundare: Alhaji, maganar agogo an gama ta, amma ni abin da ya dame ni murjanin nan ne. Dabba ce mai rai, kuma a cikin naman jikinta akwai wasu ƙananan tsirrai da ido ba ya gani, su ke haɗa abinci da haske su ciyar da ita. Shi ya sa take son rana tsayayya da dare tsayayye, kamar yadda ta saba a tekunan da ke kusa da tsakiyar duniya, inda dare da rana suke kusan awa 12-12 duk shekara. Haske ya wuce kima, ko yau awa shida gobe sha biyar, sai ta tsuke ta ƙi buɗewa, gansakuka kuma ta samu abin da take so. Nawa akwatin, shuɗiyar fitila ke fara kamawa, bayan awa ɗaya fara ta biyo, da dare farar ta riga mutuwa da awa ɗaya. Kifin ma ba ya firgita, don duhu ba ya faɗo masa kwatsam, yana samun lokacin neman maɓoya cikin duwatsu. In fitilun naka kowace da wayarta, agogo biyu za ka saya. Jimilla awa 9 zuwa 10 ta isa. Tunda gansakuka ta taso, ka mayar da farar awa 6 na ɗan lokaci, ka kuma rage abincin da kake zuba wa kifin, don ba haske kaɗai ke kiwon ta ba.

Usmanu, Injamena: Hajiya, ku kuna kan tudu, sanyi na taimakonku. Mu da mutanen Garwa, daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, murjani kuwa 24 zuwa 26 yake so. Bara ruwana ya kai 31 kwana da kwanaki, ina ji ina gani wani koren murjani da na fi so ya yi fari fat, bai dawo ba. Har yau abin na mini ciwo. Tun daga nan na juya musu rana: fitila na kamawa bayan isha'i, ta mutu da asuba.

Hajiya Maman Amira, Ngawundare: Allah ya mayar da alheri ɗana. Amma in akwatin yana falo inda hasken taga ke shiga, yaushe suka samu dare? Fitila dukan dare, rana dukan yini. Sai dai in ɗakin mai duhu ne.

Usmanu, Injamena: Gaskiya ne, nawa yana ɗakin da ba taga. Ban yi tunanin na Alhaji ba.

Baban Hauwa, Garwa: Nawa a falo yake, kuma ina son yara su gan shi da yamma.

Malam Buba mai wayarin, Marwa: To ku raba tsakiya. Shuɗiya ƙarfe 4 bayan la'asar, fara ƙarfe 5 zuwa 11, shuɗiya ta mutu 12. Da safe a saki labule mai kauri. Kada ka yi tsallen a rana ɗaya, ka riƙa matsar da lokacin rabin awa kullum. Ka jona ƙaramar fanka a agogo ɗaya da farar fitila, tana hura saman ruwa. Sannan don Allah famfon da ke juya ruwa kada ya bi ta agogo, shi dare da rana yake aiki. In kana da sola ko batir ɗaya tak, famfon za ka ba, ba fitila ba. Murjani zai jure kwana biyu babu haske, amma ruwa in ya tsaya cikin zafin nan, iskar da ke cikinsa kan ƙare cikin 'yan awoyi.

Idi, Kuseri: Na gwada nawa yanzu. Malam ya yi gaskiya, bai tashi ba sai da intanet ta dawo. Gobe zan nemi mai batir.

Hajiya Maman Amira, Ngawundare: Ƙari kan maganar fanka: ruwa zai riƙa raguwa da sauri, gishiri kuwa ba ya bin tururi. Ka cike da tataccen ruwa mara gishiri, ma'aunin gishirinka ya tsaya wajen 1.025. Agogon kuma ka kafa shi sama a bango, nesa da feshin ruwa, gishiri na cin ƙarfen soket.

Baban Hauwa, Garwa: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Malam Buba, in na shiga kasuwa da safe zan turo maka hoton bayan kwalin ka duba mini kafin in biya.

Malam Buba mai wayarin, Marwa: Turo. Ka haɗa da hoton rubutun da ke jikin fitilun, in ga ko zai ɗauki nauyinsu.