Shawarwari kan tara kuɗin tafiyar bishara zuwa Cadi da ƙananan yara

A zaman da dattawan wata majami'a suka yi a Maraɗi da iyalin da ke shirin tafiya aikin bishara Cadi da 'ya'yansu uku, an fi daɗewa kan lokacin neman taimako. Shawarar ita ce a jira kaka, domin manomin da ba zai iya ba da jika biyar da damina ba yakan kawo damin gero ko tiyar wake bayan girbi, a sayar a kasuwa a zuba cikin asusu. Wata dattijuwa ta ce mata su kafa adashe, a bar wa iyalin kwasar farko.

An kuma nemi ma'aji ya rubuta duk abin da ya shigo, a riƙa karanta shi ranar Lahadi, abin da nake ganin ya fi kowane roƙo tasiri.

Kuɗin yara a ware shi dabam: takardun tafiya, gidan sauro, da allurar rigakafin ciwon shawara wadda ake yi wa jariri daga wata 9. A tanadi ladan canji ma, tunda sefar Cadi ba irin tamu ta Nijar ba ce, ko da yake darajarsu ɗaya.