Da lafazin wace ƙasa ya kamata a rera waƙoƙin Sifaniyanci?

Malam Bashir: Assalamu alaikum, jama'a. Ra'ayina shi ne, idan ana horar da mawaƙi da makaɗin piyano a kan waƙoƙin Sifaniyanci irin waɗanda ake tsarawa don murya ɗaya da piyano, lafazi ɗaya ya kamata a koya musu, wato na Madrid, inda ake furta harafin z, da c idan ya zo kafin e ko i, kamar ث na Larabci, harshe tsakanin haƙora. Ɗalibi yana da isasshen aiki a gabansa: ya tsare wasulan nan biyar kada su gurɓace idan ya ja murya, ya bambanta gajeren r na pero da r mai kaɗawa na perro, ya kuma san gaɓar da nauyin kalma ya sauka. Idan aka ɗora masa lafuzza uku ko huɗu, zai tashi ba tsuntsu ba tarko.

Malama Rabi: Wa alaikumus salam, Malam. Ban yarda da wannan ba, kuma abin yana damuna ƙwarai. Mafi yawan masu jin Sifaniyanci a nahiyar Amurka suke, kuma ba su da wannan sauti a bakinsu. A 1943 Alberto Ginastera ya tsara waƙoƙin gargajiya biyar na Ajantina, ta uku sunanta Zamba, kuma duk ɗan ƙasar da s zai fara kiranta. Na taɓa zama da wata ɗaliba mai kyakkyawar murya tana rera ta da lafazin Madrid, ba ta yi kuskuren sauti ko ɗaya ba, amma waƙar ta fita daga ƙasarta. Da na ce ta mayar da harshenta bayan haƙora, nan take jimlolin suka saki jiki. Mu kanmu mun san idan aka ɗauki waƙar Basakkwace aka mayar da "hwari" ya koma "fari", "shina" ya koma "yana", ma'ana tana nan amma armashi ya ragu.

Usman: Malamaina, ku ba ni dama in yi magana daga kujerar piyano, domin ina ganin kun bar mu a baya. Abin da ya fi wahalar da mu shi ne inda wasalin ƙarshen kalma yake haɗuwa da wasalin farkon mai bi mata su zama gaɓa ɗaya. Kafin in taɓa piyano sai na ɗauki fensir na zana baka a ƙarƙashin kowace irin wannan haɗuwa, domin idan mawaƙi ya raba su ya ƙara gaɓa, ni kuma na riga na wuce. Bayan haka akwai kiɗan kansa. A Polo, ta ƙarshe cikin waƙoƙi bakwai da Manuel de Falla ya rubuta a 1914, piyano yana kwaikwayon jita ne da sauti ɗaya ana maimaita shi da sauri, kuma wanda ya danne feda, abin da ake takawa da ƙafa don sauti ya daɗe, a wurin ya jagula komai, ko da wane lafazi ake rerawa.

Malam Bashir: Na gode, Usman, kuma waƙoƙin da ka ambata sun ƙara mini hujja. Cikin bakwai ɗin nan akwai waƙoƙin yankunan Sifaniya daban-daban, ta Mursiya, da ta Asturiya, da Jota ta Aragon, da na Andalus, shi kuma Falla haifaffen Kadis ne. Shin mawaƙiya za ta riƙa sauya baki duk bayan minti biyu? Sannan ina tambayar Malama: waƙar kurciya da Carlos Guastavino ya sa wa kiɗa a 1941, baitocin na Rafael Alberti ne, mutumin Sifaniya, mai kiɗan kuma ɗan Ajantina. Da bakin wa za a furta cielo da corazón a cikinta?

Malama Rabi: Tambayar tana da nauyi, Malam, amma ka duba inda ta kai mu. Alberti ɗan El Puerto de Santa María ne a lardin Kadis, inda jama'a ba sa bambanta s da z yadda ake yi a Madrid, kuma a 1940 ya isa Ajantina yana gudun hijira bayan yaƙin basasa. Saboda haka marubucin da mai kiɗan duka ba a lafazin Madrid suka tashi ba. Ni da s nake sa ɗalibaina su furta waɗannan kalmomi. Inda nake sassautawa shi ne creyó da orilla, domin sautin da mutanen Buenos Aires suke ba y da ll, wanda yake tsakanin j da sh, yana yi wa waƙa mai sanyi irin wannan nauyi idan aka tsananta shi. A waƙoƙin Falla kuwa ban ce a sauya baki sau bakwai ba, lafazi ɗaya ya isa, tunda duk daga ƙasa ɗaya suke.

Malam Bashir: To ashe ke ma kina zaɓe, ba kowane lafazi kike ɗauka dungurungum ba. Zan sauko zuwa nan: shekarar farko a tsaya a kan tonadillas, wato gajerun waƙoƙi, na Enrique Granados, waɗanda Fernando Periquet ya rubuta baitocinsu a kan samari da 'yan matan Madrid na zamanin mai zane Goya, domin a can babu gardama. Wanda ya ƙware sai a buɗe masa sauran.

Malama Rabi: A kan Granados mun daidaita, amma shekara guda ta yi yawa, domin abin da harshe ya saba da shi wuyar cirewa gare shi. A zangon farko zan haɗa masa da waƙa ɗaya daga cikin biyar ɗin da Xavier Montsalvatge ya rubuta a 1945, wadda baitocinta na Nicolás Guillén ne ɗan Kyuba, don ya ji bambancin tun bakinsa yana ɗanye.

Usman: Idan haka ne, Malama, ina roƙon a riƙa kiran makaɗin piyano ranar da za a fara karanta baitocin da baki, kafin a kai ga rerawa, shi ma ya karanta su da ƙarfi tare da mawaƙin.